Abin da Na Zuba a Kwalaben Rakiya

Duk abin da na rubuta muku a littafin nan zuwa yanzu, kuna iya tambayar wani ya gaskata ni. Haihuwata a Azarori, aurena zuwa ƙasar Karofane, yadda na koyi boko da furfura a kaina a ajin yaƙi da jahilci, duk akwai masu rai da suka gani. Wannan kuwa mu biyu muka san shi, ni da Rakiya, ita kuma ko wuƙa aka sa mata a wuya ba za ta faɗa ba. Na yi niyyar in shiga kabari da shi, tunda an ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kai ka hana ni, Ɗan-Tsoho, ɗana na fari da bakina bai taɓa kiran sunansa na yanka ba. Ranar Juma'ar da ta wuce ɗanka Nuhu ya zo ya zauna gefen tabarmata, na ba shi fura ya kasa sha. Ya ce ya gaya maka yana son Maryama 'yar Rakiya, kai kuma ka rantse ba za ka kai goro gidan matar da ta ci ubanka ba. Shekara goma sha ɗaya kuna riƙe da wannan magana, kai da ƙannenka. To, ku gyara zama.

Sai na fara da kakata, don in ba ku san ta ba, za ku ce uwarku mahaukaciya ce. Gidanmu na Azarori gidan Azna ne tun asali, masu bin addinin gargajiya. Babana ya yi salla, ya sa mu makarantar allo, amma tsohuwarsa ta mutu da nata a hannu. In an yi mana kitso sai ta bi ƙasa tana tsince gashin da ya zuba. In an yanke farce sai ta ƙulle a tsumma ta kai gindin gawo ta binne. Yaro ya yi bayan gida a fili, kafin rana ta ɗaga ta rufe shi da ƙasa ta taka. Na taɓa tambayarta dalili, ta kama kunnena ta murɗa, ta ce:

"Abin da yah hita jikin mutum igiya ta. Wanda yak kama ta, ya kama mai ita."

Ina 'yar shekara bakwai na ji wannan, kuma har yau in na taje kaina sai na dunƙule gashin na tura a ramin bango. Abu na biyu da na taso da shi daga gidan nan shi ne dusa. Shekarar yunwar da na ba ku labarinta a baya, innata ta tankaɗe dusar da aka ajiye wa awaki ta dama mana, muka sha muna kuka, cikinmu yana murɗawa. Da Allah ya kawo damina, babana ya tsaya tsakar gida ya ce duk ranar da aka sake ba mutum dusa a gidansa, a san ya mutu. Shi ya sa kuka tashi kuka ga ina surfe sau biyu, ina bakace, ina wanke hatsi har ruwan ya fita fari. Matan gari suna cewa furar Dije ta fi nono haske, ni kuma ina jin daɗi, ban ɓoye ba.

Yanzu garka. Kun san bayan rasuwar kakanku an yi shari'a gaban hakimi tsakanin babanku da ƙaninsa, Baba Shaibu, kan garkar fadama mai rijiya, aka ba babanku. Abin da ya sa na riƙe shi ne maganar da Shaibu ya faɗa a ƙofar fada, mutane suna ji, yana kakkaɓe rigarsa:

"Ka ci, yaya. Allah shi ba ka lahiyac ci."

Wani zai ce addu'a ce. Ni na ga idonsa lokacin da yake faɗa. Damina uku bayan nan ƙafafun babanku suka fara kumbura, takalmi ya daina shiga. Da safe fuskarsa a cike, fitsarinsa yana kumfa kamar an zuba omo. Muka yi rubutu, muka yi saiwa, muka yi hayaƙi, sannan aka kai shi asibiti a Madawa. Can suka ce ƙoda ce ta gaji, tansiyo, wato hawan jini, ya daɗe yana cinta ba a sani ba, kuma ƙodar da ta gaji ba ta komawa yadda take, sai dai a lallaɓa ta. Suka ba shi ƙwayoyi ya riƙa sha kullum, suka hana shi gishiri da kanwa da magi. Mutumin da ke jan guga daga hantsi zuwa azahar ya koma zaman inuwa yana korar ƙuda. Ni kuwa ina jin bayanin lokotoro, babban likitan wurin, da kunne ɗaya, ɗaya kunnen yana ƙofar fada.

Ana cikin haka, bayan an gama shigar da hatsi rumbu, sai ga Rakiya. 'Yar Shaibu ta fari, wadda ta yi lakwal, makarantar boko, har ta zama ma'aikaciyar jinya, aka turo ta likitar garinmu, wato ɗan asibitinmu. Tun shari'ar nan ƙafar kowa daga gidansu ba ta taka namu ba. Ta yi sallama, ta durƙusa har ƙasa ta gaida babanku, ta gaishe ni, ta ajiye wata 'yar jaka. Ta ce akwai wani porje na bincike da wasu likitoci suke yi kan masu ciwon ƙoda a ƙasar Buza da Madawa da Keita, ita ce mai tattara musu mutane a nan, kuma ta sa sunan babanta babba idan ya yarda. Za a riƙa duba shi kowane wata, a auna tansiyo, a ba shi magani. Jini sau biyu kawai za a ɗauka, yanzu da kuma bayan wata shida, don sai an kai shi nesa. Abin da ake so daga gare shi abu biyu ne. Sai ta buɗe jakar ta fito da 'yan kwalabe biyu na roba masu jan murfi, kowace da takarda manne da lamba.

"Wagga ta hitsarin sahe ta, Baba. Wagga kuma," ta sunkuyar da kai, "ta bayan gida ta. Kaɗan ɗai, kamar ƙwarag gujiya. Sau guda kowane wata."

Nan take na tuna kakata. Babanku kuwa dariya ya yi, ya ce tun da yake bai taɓa jin inda aka roƙi mutum wannan ba. Na ce da ita me za a yi da shi. Ta gyara zama ta yi mana bayani, kuma zan rubuta shi yadda na riƙe, don na juya shi a raina ya fi sau dubu. Ta ce a cikin hanjin kowane mutum akwai wasu ƙananan halittu masu rai da ido ba ya gani, masu yawan gaske. Wasu na kirki ne, wasu ba na kirki ba. Na kirkin abincinsu shi ne ɓangaren abinci mai kaushi wanda ciki ba ya narkarwa, irin dusar hatsi da ɓawon wake da zaren ganye. In sun samu sai su yi ƙarfi su danne sauran. In an hana su sai su rame, waɗancan su yi yawa, su riƙa fitar da wata dauɗa mai guba tana shiga jini, ƙoda kuma ita ce mai tace jini. Lafiyayyar ƙoda ba ta jin nauyin wannan aiki, amma gajiyayya tana ji. To likitocin suna so su gane ko in an ciyar da na kirkin, kayan ƙoda za su ragu. Sai an duba bayan gida ake sanin waɗanne iri ne a cikin mutum.

"Ashe tsutsa kuke kiwo," na ce mata. "Mu muna neman maganin kashe ta, ku kuna nema mata abinci."

"Ba tsutsa ba ta, Inna. Kuma ban ce maki magani na ba. Ba mu sani ba tukuna, shi muke biɗa."

"To mi za shi ci?"

"Ki rage surhe. Ki bar mashi rabin dussa cikin hura da tuwo. Wake da haki, wato ganye, kuma da awo, ga gwangwanin da za ki auna da shi, don mai ciwon ƙoda in ya yi yawa shina cuta tai."

Dusa. A gidan mai rumbu huɗu. A raina na gama haɗa zancen tsaf tun kafin ta rufe jakarta. Uban ya yi baki a ƙofar fada, ciwo ya kama, yanzu ya turo 'yar ta karɓo igiyar da za a ƙarasa aikin, har da lamba a jiki don kada a yi kuskuren mai ita. Kafin nan kuma a sa mutumin da ya ci shari'a ya ci abincin awaki, matan gari su ji tabaryata ta daina surfe su ce gidan ya karye. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da ta tafi na faɗa wa babanku duk wannan. Ya dube ni ya girgiza kai.

"Dije, yarinyag ga ni nir raɗa mata suna. Ke dai kakakki ba ta mutu ba, cikinki take. Na yarda, na sa hannu, magana ta ƙare."

Kun san shi, in ya ce ta ƙare ta ƙare. Sai dai akwai abin da bai iya ba. Dattijo kamarsa ba zai ratsa gari da kwalbar bayan gida a aljihu ba. Ni aka bar wa kaiwa. Ranar farko, bayan ya dawo masallaci da asuba, ya shiga makewayi ya fito, ya ce suna nan bayan tulu, bai ko dube ni ba don kunya. Na ɗauko su na tsaya da su a hannu. Tunanin farko da ya zo mini shi ne in zuba na akuya, sai na ce masu na'ura za su gane. Na ce in kai su wofi in ce sun zube, sai na ce za ta sake kawo wasu, wataƙila ta tsaya a kansa. Sai wata dabara ta zo mini wadda a lokacin na ɗauka Allah ne ya ba ni. Na haƙa rami gindin zogalen bayan ɗaki na juye nasa na rufe na taka. Na wanke kwalaben da ruwan zafi. Na zuba nawa. Na ce in igiya suke nema, ga igiya, su ja, ni za su tarar a ƙarshenta. Ina da 'ya'ya shida da suka girma, in na faɗi gida yana tsaye. In shi ya faɗi garka ta tafi, gida ya tafi. Ina son mutumin nan, ban taɓa gaya muku da baki ba, yau na rubuta.

Dusa kuwa ko ƙwaya ba ta shiga cikinsa ba. In Rakiya ta tambaya sai in ce ana yi. Shi kuma namiji ne, bai san bambancin hatsin da aka surfa sau ɗaya da sau biyu ba, na ce masa na bar ta a ciki ya ce ashe ba ta da ɗaci. Gwangwanin awon ma na ba 'yata Sa'a tana ɗiban toka da shi.

Wata ya zagayo muka je awo. Rakiya ta tsoma wata 'yar takarda a fitsarin ta ɗaga ta duba, ta sake tsoma wata. Na ga ta yamutsa fuska, na ce an kama ni. Sai ta ce abin mamaki, abin nan da ke sa kumfa, wanda aka gani da yawa a Madawa, yau babu shi. Ta ce kada a yi saurin murna, a jira wata mai zuwa. Wata mai zuwa na sake yin abin da na yi, aka sake ganin fes. Na uku ma haka. Lokacin ƙwayoyin sun kwantar da tansiyo, kumburin ƙafa ya ɗan sauka don ya bar gishiri, komai ya taru ya ba ƙaryata gaskiya. A awo na ukun ina zaune a benci na ji ta da kunnena:

"Baba, hitsarin ga ya yi kyau ƙwarai, ni kaina ban gane ba. Na hwaɗa ma lokotoro, ya ce sai an ga jini. Amma don Allah kak ka bar magani, kak ka koma aikin rana. Ƙoda ba ta warkewa haka nan."

Ku lura da wannan, ku da kuke cewa ta ce masa ya warke. Ba ta ce ba. Shi ne ya ji abin da yake son ji, kamar kowane majinyaci. A hanyar gida yana gabana yana taku irin na da, yana gaida mutane da ƙarfi, ya tsaya wurin mai tsire yana yi masa ba'a. Da muka shiga gida ya ɗaga Sa'a sama kamar ƙaramar yarinya, ita da ke da goyo. Ya juyo ya ce mini:

"Kin gani? Dussad da kike ƙi ita tat tashe ni. Sau ukku ana dubawa, sau ukku tsab. Gobe ina garka."

Nan ne wurin, 'ya'yana. In kun tambaye ni ina laifin yake, ba a gindin zogale yake ba, don can tsoro ne da jahilci, Allah yana gafarta su. A tsakar gidan nan yake, da rana tsaka, ina riƙe da ludayi. Na san fitsarin wa aka duba sau uku. Kalma biyar ta isa. Na buɗe baki, sai na ga fuskarsa, wata takwas rabon da in ga irin wannan murna a kanta. Na tuna kuma abin da zai biyo baya, ya san na yi masa ƙarya, Rakiya ta sani, gidan Shaibu su sani, gari ya sani. Sai wata murya ta ce mini, ai ga shi ya miƙe, tun da kika fara binne igiyar sammun ya rasa hanya, ke kika tashe shi, rufe bakinki. Na yarda da muryar nan don ta fi sauƙi. Na ce masa Allah ya ƙara lafiya, na zuba masa fura.

Lokacin zafi ne, albasa ta kusa cira, ruwan rijiya ya yi ƙasa. Ya koma jan guga. Ƙwayoyin suka ƙare bai je karɓo wasu ba, ya ce mai lafiya ba ya shan magani. Na yi masa magana sau biyu, ya ce in nuna masa inda ciwon yake, tunda na'ura ba ta gan shi ba. Ya koma tauna tabarsa da kanwa. Randebu na huɗu, wato ranar awo, bai je ba, Rakiya ta biyo shi har garka, ya ce mata bayan cira zai zo. Ta zo wurina ta ce, Inna ki taimake ni, ke yake ji. Na ce mata to. Ina kallon ƙafafunsa kowace safiya suna ƙara cika, ina gaya wa kaina tsayuwa ce.

Ranar da aka gama ɗinke buhunan albasa ya dawo da la'asar yana amai. Kwana biyu fitsari bai fita ba sai ɗigo, numfashinsa yana wani irin wari, yana magana yana mantuwa. Rakiya ce ta nemo mota, ita ta riƙe kansa a cinyarta har Madawa. Can aka ɗauki jini, lokotoro ya duba takardar, ya duba katin awon wata uku da ke hannun Rakiya, ya sake duba takardar, ya ce waɗannan biyun ba su yi kama da na mutum ɗaya ba. Ina tsaye a bakin ƙofa. Suka ce sai wankin ƙoda a Yamai, in ya iya kaiwa. Bai kai ba. Kwana huɗu ya yi, ranar Talata da hantsi ya cika, hannunsa a cikin nawa.

Sauran kun san shi, ko kuna tsammani kun sani. Kafin ka iso daga Abijan, Ɗan-Tsoho, gari ya gama yanke hukunci. An ce 'yar Shaibu ta karɓi kashin mutum a kwalba wata uku, ta ce masa ya warke, ya faɗi. An ce ruwa ba ya tsami banza. Masu ciwon ƙoda biyu da ke cikin porjen a garinmu suka fita, ɗaya ya jefa kwalabensa a masai. Ranar addu'ar uku Rakiya ta zo gaisuwa, ta shiga ɗakina, ta fito, ka tare ta a zaure gaban dattawa ka ce ta fita, kada ƙafarta ta sake taka gidan nan, ta je ta gaya wa ubanta garka tana nan ba ta mutu ba. Ta sa mayafi ta rufe fuska ta wuce. Ina jin ka ta bango. Ban fito ba, na fake da takaba.

Abin da ba ku sani ba shi ne abin da ya faru a ɗakin kafin ta fito. Ta durƙusa gabana ta yi mini gaisuwa kamar kowa. Matan da ke wurin suka tashi karɓar wasu baƙi, muka rage mu biyu. Ta matso, ta kama hannuna, ta yi ƙasa da murya:

"Inna, ƙodakki lahiya lau take. Ki riƙa shan ruwa, ki rage kanwa."

Shi ke nan abin da ta ce. Ta sani tun a Madawa. Ta tashi daga gabana da wannan a cikinta ta je ta tsaya a zaure kana zaginta, ba ta buɗe baki ba. Wata biyu bayan nan ta nemi a canza mata wurin aiki, don mata sun daina kai mata awon ciki, aka mayar da ita wajen Tamaske. Ubanta ya mutu ba ku je ba, ni ma ban ce ku je ba.

Sau ɗaya na sake ganinta, shekara huɗu da suka wuce, ranar da Sa'a ta kai ni Madawa duba ido. Sa'a ta tafi sayen magani, ina zaune a inuwa, sai ga ta da farar riga. Na so in juya baya, ta riga ta durƙusa. Na ce mata ina da tambaya biyu. Ta farko, da na ba shi dusar, da ya rayu?

"Ban sani ba, Inna, kuma ba ni yi maki ƙarya. Ciwonai ya yi nisa tun kahin mu hwara. Har yanzu ana bincike, wasu sun ce tana rage dauɗaj jini kaɗan, ba a gama ganewa ba. Amma da bai bar ƙwayoyin tansiyo ba, da bai koma rana ba, ina jin da ya ƙara kwana. Nawa, Allah ɗai yas sani."

Na so ta ce mini a'a, ba ta ce ba. Na tambaye ta ta biyu, me ya hana ta faɗa, ga shi an ɓata mata suna, an kore ta daga garin ubanta.

"Na hwaɗa ma lokotoro kwalaben sun gamu da na wani, anka hidda lambatai daga bincike. Wannan dole na. Sauran kuwa, ɗiyanki sun rasa uba ran Talata. In tashi ran Alhamis in sa su rasa uwa?"

Sa'a ta dawo ta gan ta, ta ɗaure fuska, ta ja hannuna muka tafi. Ko a mota ban faɗa ba.

Kada ku ɗauka tsufa ya mayar da ni wata. Har yau ban san inda kwalaben nan suke zuwa ba, ban san wa yake buɗe su ba, kuma halittun da ido ba ya gani ban gan su ba balle in shaida. Maganar da Shaibu ya yi a ƙofar fada ma ban daina jin ta ba, shi da Allahnsa. Ni mai zargi ce, haka aka gina ni, haka za a binne ni. Sai dai na zauna na duba shekarar nan daga farko har ƙarshe ina neman hannun da ya cuci babanku, na bi gidan Shaibu ɗaki ɗaki ban samu ba, na dawo na same shi riƙe da alƙalamin nan. Yanzu sau ɗaya nake surfe, kun sha yi mini tsiya cewa furata ta yi duhu, kuna cewa ƙarfi ne ya ƙare. Ba ƙarfi ba ne.

Ɗan-Tsoho, ka ce ba ka haɗa jini da gidan da ya ci ubanka. Ka yi gaskiya, ba a haɗawa da sauƙi. Amma gidan nan shi ne wanda ka sha nono a cikinsa, kuma mai ikon ƙi a wannan aure Rakiya ce. Na ba Nuhu littafin nan ya kawo maka hannu da hannu, na ce kada ya buɗe. In ka gama karantawa ka tara ƙannenka ka karanta musu da bakinka. Abin da za ku yi da ni bayan nan ku yi, na shirya, shekara goma sha ɗaya na ci girmanku da ba nawa ba. Amma kafin ka zo mini, ka sayi goro, ka ɗauki dattawan da suke zaure ranar nan, waɗanda suka rage, ka tafi Tamaske. Ka durƙusa yadda ta durƙusa. Kada ka fara da maganar Maryama. Ka fara da cewa uwarka ta faɗa.